Wuƙar aljihu mai tsada tana rawa, mai kaya yace wai "haka suke"

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a bani ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da abinda ke cina tun Babbar Sallah. Nasan wani zai ce ana fama da kuɗin taki wannan kuma maganar wuƙa ya kawo, to ai kuɗina ne suka tafi, kuma saura ƙiris ɗan yatsana ya bisu.

Ni manomi ne, ina ɗan taɓa kiwo ta hanyar Dass, wuƙa bata barin aljihuna, yanka igiya ne, farke buhu ne, feƙe turke ne, kullum da aikinta. Babanmu Allah ya jiƙansa Okapi yake riƙewa, mai zoben nan da ake ja kafin ta naɗe, wadda Jamusawa suka fara ƙerawa a 1902 daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu, ni kuwa 'yan araha na saba saya a kasuwar Muda Lawal marasa ko suna. Su in sunyi rawa bana jin haushi, kowa ya sayi rariya ai yasan zata zubar da ruwa, sai in ɗora kusar a kan dutse in bubbuga da guduma a cigaba da tafiya.

Bana ne shaiɗan ya rinjaye ni, naga wata a Instagram wajen wani mai kaya a Legas, ƙota tana ta sheƙi, yace ƴar waje ce orijina, naira 95,000 banda kuɗin mota. Na tura. Da na karɓo a tasha abinda duk Bahaushe keyi shi nayi, na ɗora a dantse naga tana aske gashi, nace madalla. Kaifi kawai muka iya dubawa, alhali kaifi shine abu mafi sauƙi, ko guntun zarto aka baiwa mai wasa wuƙa zai sa shi aski. Inda kuɗin wuƙa mai naɗewa yake shine gaɓar nan da ruwan wuƙar ya haɗu da ƙota, nan ne kuma ban duba ba.

Ranar Sallah ina cikin fiɗa na fara jin ƙas-ƙas a hannuna, ruwan wuƙar yana motsi kamar haƙorin yaro da ya kusa fita. Da na zo rabe haƙarƙari ta ɗan maƙale, ina fizgowa bayanta ya bugi ƙashi sai kawai ta naɗo kan yatsana, Allah ya taƙaita fata ce ta yanku. Na kira mai kaya yace wai Alhaji haka suke, tunda mai naɗewa ce ai dole tayi motsi.

To wannan "haka suke" ɗin ne na kasa haɗiyewa. Rawar wuƙa iri biyu ce kuma ba ɗaya suke ba. Akwai ta gefe da gefe, ka buɗe wuƙar ka kama bayan ruwanta kusa da tsini ka kaɗa hagu da dama, in tayi motsi yawanci sukurun tsakiya ne ya saki ko kuma ƴan wasoshin da ke gefen ruwan sun cinye. Wannan da sauƙi, sukundireba mai kan tauraro kake buƙata, irin ta masu gyaran waya a kasuwar Wunti amma ƴar babba kaɗan, galibi mai lamba T8 ce, ka ɗaure a hankali ka ɗiga gam ɗin noti mai ruwan bula dan kar ya sake kwancewa. Sai dai in ka ɗaure rawar ta tsaya amma wuƙar taƙi buɗuwa, ka sassauta kuma rawar ta dawo, to aikin ne tun daga kamfani ba'a yi shi daidai ba.

Ta biyun itace mugunyar, sama da ƙasa. Ita wannan ba sukuru bane, sakatar da ke riƙe ruwan ce bata zauna daram a mazauninta ba, kuma da wuya ɗauri ya gyara ta. Irinta ce tawa. Dan in yi adalci, masu sakata a gadon baya irin tsarin Buck 110 da ta fito a Amurka a 1964, an sansu da ɗan motsi kaɗan in ka danna da ƙarfi kuma basa naɗewa dan wannan, haka ita ma Opinel ta Faransa ƙotarta itace ce, da damina ta kumbura ta riƙe gam, da hunturu iskar nan tamu ta busar da ita ta saki, shi yasa zoben kullewa da suka ƙara mata a 1955 yake da amfani. Wannan ɗabi'ar icce ce kowa ya sani, kuma ba'a sayar da ita kuɗin ɗan akuya.

Amma wanda ya karɓi kuɗin manya sai yayi aikin manya. Akwai wata wuƙa Sebenza ta Chris Reeve, mutumin Afirka ta Kudu da ya koma jihar Idaho, sunan ma da yaren Zulu aiki yake nufi, sama da dala 400 ake sayenta, ƙarfe ne dai kamar na kowa, abinda mutane ke biya shine zaka kwance ta ka wanke ka mayar ka ɗaure sukurun har ƙarshe ta buɗe sumul kuma ba motsi ko na miskala zarratin. Kenan ana iya yi. Ban ce tawa ta zama ita ba, amma tsakanin 95,000 da ƴar dubu biyu ai ya kamata a ga bambanci banda sheƙi. Wani makaniken babur abokina da ya kwance min tawa ma cewa yayi daga ganin boris ɗin ciki da ƙyar in ba jabu bace aka buga mata suna.

Roƙona ga ƴan uwa, musamman mahauta da mafarauta da manoma, dan ni ba da ƴan sara-suka nake ba, kafin ka tura kuɗi kace mai kaya ya ɗauko maka bidiyo yana kaɗa ruwan hagu da dama, sama da ƙasa, sannan ya bugi bayanta a hankali a jikin katako yatsunsa na gefe. In yaƙi ka riƙe kuɗinka. In a hannu ce ka naɗe ta ka duba ko ruwan ya zauna a tsakiya ko yana gogar gefe ɗaya.

Fiɗar dai da wuƙar maƙeranmu mai kube na ƙarasa ta, yatsa a naɗe da tsumma, uwargida tana min dariya. Mai kaya kuwa har yau in na kira sai yace yana kan hanya zai kira ni.

Naku mai karatu kullum,
daga Bauchi