Zuwa ga Babana, kan maganar allurar nan

Assalamu alaikum, Babana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya Kaduna, ya aiki? Mu nan sai godiya.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Labari ya iso mini cewa ka yanke jiki ka faɗi a banɗaki bayan ka yi wa kanka allurar ƙara ƙwanji, har sai da abokin zamanka ya ɓalle sakata aka fito da kai, kuma wai ba wannan ne karon farko ba. Kada ka tsaya neman wanda ya faɗa mini, kada kuma ka huce a kan ƙanwarka, ba ita ba ce. Da na kira ka, cewa ka yi ɗan jiri ne kawai don ba ka karya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, domin a waya kana da saurin katse ni.

Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a ɗakin allura ba za a yi mini bayanin jiri ba. Na ga ƙarti majiya ƙarfi, mahauta da 'yan dako, sun zube a gabana kafin in ajiye sirinji. Wannan suman sananne ne. Zafin tsira ko fargaba kan motsa wata jijiya mai rage gudun zuciya, sai bugu ya yi ƙasa, hanyoyin jini su saki, jini ya sauka ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na 'yan daƙiƙu. Kafin nan mutum zai ji zufa mai sanyi, zuciya na tashi, kunne ya yi dum, ido ya fara ganin duhu-duhu. Yawanci cikin minti 15 na farko yake zuwa, shi ya sa muke ajiye benci a bakin ƙofa mu ce a ɗan zauna tukuna. In aka kwantar da mutum aka ɗaga ƙafafunsa, cikin minti ɗaya ko biyu ya dawo hayyacinsa. Da a gaban ma'aikacin lafiya abin ya same ka, da ban ɓata tawada ba.

Amma kai ba a gaban kowa kake yi ba. A tsaye kake yi, kana murɗa jiki kana leƙen madubi don ka sami wurin tsirawa, ciki ba komai ko kuma ka dawo daga ɗaga ƙarfe jiki ya tsiyaye, a ɗakin da ƙasansa tayil ne, ga bakin masai a gefe, ga bokiti cike da ruwa, sannan ka danna sakata don kada a gan ka. Sakatar nan ita ta hana ni barci. Irin wannan suman da wuya ya yi kisa, faɗuwar ce ke yi. Ƙeya ta daki tayil, jini ya fara taruwa a cikin kai, mutum ya tashi ya wanke fuska ya ce ya warware, bayan 'yan sa'o'i a tarar ba ya motsi. Ko ya yi amai yana rigingine ya shaƙe. Da a ce ranar yaron nan ya kwana wurin aiki fa? Wa zai ɓalle ƙofar? Sai in zo Kaduna a nuna mini kai a lulluɓe, a ce a banɗaki aka tsince ka? Me zan gaya wa Innarka? Ko a sallah nake, ƙofar nan ke faɗo mini a rai, Allah ya yafe mini.

Sannan abin da kake ɗura wa kanka ba ruwa ba ne, mai ne. Alluran ƙara ƙwanji su Sustanon da Deca duk a cikin mai aka narkar da su, don su zauna a tsoka su riƙa tsiyaya a hankali. In bakin allura ya faɗa jijiyar jini, ɗigon man ya bi jini ya wuce huhu, sai tari ya turnuƙe mutum, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yi sama-sama, jiri ya biyo baya, wani har suma. An ce mini ku dariya kuke yi wa tarin nan. To, a Amurka, da hukumar magungunansu ta amince da allurar Aveed a 2014, wadda ita ma sinadarin maza ce a cikin mai, sai ta gindaya sharaɗin a gaban ma'aikacin lafiya kaɗai za a yi ta, kuma a tsare mutum minti 30 ana kallonsa, saboda wannan matsalar da kuma borin jini mai toshe maƙogwaro. Maganin gaske ke nan fa, wanda aka san abin da ke ciki. Kai kuwa kwalbar da wani ya zaro daga jaka, babu lambar NAFDAC, ba ka san hannun da ya haɗa ta ba. Trenbolone ɗin da nake jin kuna yabo kuwa na shanu ne, a kunnen sa ake dasa shi don ya yi nama kafin yanka.

Ina roƙon Allah ya sa ba ka kai ga insulin da Lasix ba. Wanda insulin ya zubar wa sukari, ɗaga ƙafa ba ya tashinsa. Lasix kuma, maganin sa fitsari, ruwa da gishirin jiki yake kwashewa har zuciya ta rikice. Mohammed Benaziza, haifaffen Aljeriya, yana cikin fitattun masu gasar gina jiki a duniya, ya rasu a Holan a 1992 jim kaɗan bayan gasa, yana da shekara 33, kuma irin waɗannan magungunan fitsarin aka ɗora wa alhaki. Ƙwanjinka bai kai rabin nasa ba.

Na san abin da ke ranka: ni na hana ka dambe, ni na yi shiru lokacin da 'ya'yan kawunka ke kiranka sillen kara. Na hana, kuma ko yau aka dawo zan sake hanawa, ka san abin da ya sami yayana. Ban rabu da gonar bakin rafi na biya maka makaranta don ka zama abin kallo ba. Ka girma, ka fi ni tsawo, amma wannan aikin wauta ne, kuma ƙaryar da ka yi mini a waya ta fi allurar ƙona mini rai. Akwai kuma maganar da kunya ba za ta bar ni in buɗe ba. Ka dai sani waɗannan allurai suna kashe ƙwayar haihuwa, wani sai ya yi watanni ko fiye kafin ta dawo, kai kuma ga maganar gidan Malam tana tafe.

Ɗaga ƙarfen ban hana ka ba. Hotonka na babbar sallah har majalisa na kai shi, na nuna wa tsofaffi 'yan uwana. Ka ci ƙwai da wake da nama, ka yi barci, jiki zai zo da kansa.

Ban ce ka yanke allurar dare ɗaya kai kaɗai ba, domin wanda ya daɗe yana yi in ya tsaya yakan faɗa kasala da baƙin ciki mai nauyi, gara likita ya sauke ka. Ka je asibiti satin nan, ka faɗi gaskiyar abin da kake yi da yawansa, likita ba ɗan sanda ba ne. A auna hawan jini, a yi ECG na zuciya, a duba PCV na jini don sinadarin nan yana kaurara jini, a duba hanta da ƙoda, a kuma dubi kan da ka buga. Ka gaya wa abokin zamanka, in abin ya sake faruwa ya kwantar da kai, kada ya zaunar da kai, kada ya ɗura maka ruwa a baki. In numfashi ya sarƙe ko leɓe ya kumbura, ko ka wuce minti biyu ba ka farka ba, ya nemi mota kawai.

Innarka ba ta sani ba tukuna, kuma ba na son ta ji a bakin wani. Ka zo ƙarshen wata da sakamakon gwajin da kwalaben duka, in gani da idona. Ka turo mini lambar yaron nan yau, ina so in yi masa godiya. Sakatar banɗakin kuma kada a mayar da ita.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka