Wasiƙa daga Kumasi: aikin da ya ɓoye ni

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya, ya sanyin Kano? Mu nan Aboabo lafiya lau sai godiya.

Ka ce wai wane aiki ne ya ɓoye ni a Tech, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi, har ba a ganina a WhatsApp, to ga shi. Wasu ƴan mitsi-mitsin sanduna na silikon nake zanawa, MEMS ake ce musu, kaurin kowace bai kai na silin gashi ba, aikinsu su tace sauti tun kafin ya koma lantarki. Ka tuna prempensua ɗin nan na Asantawa, akwati mai harsunan ƙarfe, dogon harshe ya ba da murya mai kauri gajere ya ba da siririya? To haka ne amma a juye, sauti ne zai zo ya girgiza sandar, kowace kuma muryar da ta dace da tsawonta kawai take amsawa, saura ta yi biris da su. In ka rage tsawon sanda zuwa rabi saurin rawarta sai ya ninka sau 4, shi ya sa ɗan kuskure wajen sassaƙa yake wargaza lissafi. A samanta ana shimfiɗa aluminiyam naitirayid, da ta lanƙwasa sai ya fitar da lantarki.

Wallahi abin da ya fi taɓa ni, Allah Ya riga Ya yi wannan a kunnenmu. Tantanin da ke cikin katantanwar kunne tsawonsa kusan milimita 35 ne, bakinsa na amsa siririn sauti can ƙuryarsa na amsa mai kauri, daga Hz 20 har 20,000, wato yawan girgizar sauti a sakan ɗaya. Masanin kimiyya Békésy da ya gano yadda yake rawa sai da aka ba shi Nobel a 1961.

Saboda na'urar jin magana ta masu matsalar ji nake wannan aikin. Baba in ya shiga kasuwar Kejetia da tasa cire ta yake yi, hon ɗin motocin haya na trotro da ihun ƴan talla duk ta zuba masa a kunne, ga batiri ba ya daɗewa. In sandunan suka raba sautin da kansu, aikin da ya rage wa cip, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kaɗan ne, wutar da zai sha ma haka.

Inda na maƙale yanzu iska ce. Iska na danne rawar sanda sai tacewar ta dushe, in kuma ka rufe ta ka zuƙe iskar, ta ina sauti zai shiga? Kwanan nan kullum ina kan COMSOL, manhajar gwada zane a kwamfuta, ina sauya faɗin ratar da ke ƙarƙashin sandunan. Ƙerawa kam sai ɗakin da ko ƙura ba ta shiga, wannan sai nan gaba in sha Allah.

Don Allah ka tambayar min Hajiya kwana nawa batirin na'urar jin tata ke yi, kuma a ina ta fi shan wahalar ji, kasuwa ko gidan biki. Ka gaishe min da ita da yaran.

Naka,
mutuminka na Aboabo