Haraji da aikin ɗan majalisa

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan aikin ɗan majalisar dokokin Nijar idan dokar kasafin kuɗi ta zo gabansa. Mutane da yawa a nan Tawa suna auna ɗan majalisa da yawan buhunan geron da ya raba, alhali babban aikinsa yana cikin kwamitin kuɗi, inda ake bin daftarin gwamnati sashe bayan sashe, a kira minista ya yi bayani, sannan a gabatar da gyara kafin a kai ga ƙuri'a a zauren majalisa.

Mun ga abin da ya biyo bayan dokar kasafin 2018, wadda majalisa ta amince da ita a ƙarshen 2017: ƙungiyoyin farar hula sun yi ta zanga-zanga a Yamai saboda sababbin harajin da ke cikinta, har aka kama wasu shugabanninsu a watan Maris na 2018. A ganina, da an tsawaita muhawara, an saurari 'yan kasuwa da ma'aikata, da rikicin bai kai haka ba.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, amma harajin TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kayan da aka saya, na kashi 19 cikin 100 yana nan, kuma mai sayen sabulu a kasuwa shi ke biyansa. Duk ranar da aka sake zaɓe, ya kamata mu tambayi kowane ɗan takara ko zai iya karanta daftarin kasafi ya kuma kare gyaran da ya kawo.

Naku,
Mai karatu daga Tawa