Dan Allah ku yi mana shiri a kan darasin zane a firamare

Assalamu alaikum malam edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan sashen Hausa, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya taimaka. Ni malamar firamare ce 'yar Mai Wurno a jihar Sinnar, can aka haife ni can na yi aure, amma yanzun daga Gadarif nake rubuto maka, nan gudun hijira ya kawo mu tun watan Yulin 2024 bayan faɗuwar Sinja, babban birnin jiharmu, a yaƙin da ya ɓarke a Sudan. Muna jin ku kullum, in akwai intanet ta waya, in babu mu kunna tsohuwar rediyon maigida.

Abin da ya sa na zauna da daren nan nake ta danna waya shi ne shirin da kuka yi kwanakin baya a kan komawar yara makaranta a Sudan. Shirin ya yi wallahi, Allah ya saka da alheri, sai dai duk baƙin da kuka kawo bakinsu ɗaya, lissafi da Larabci da Turanci da yadda za a cike giɓin karatun da yara suka rasa, har aka gama babu wanda ya ambaci zane ko aikin hannu, wani ma nuna wa ya yi kaman yanzun ba lokacin irin waɗannan wasanni ba ne. Toh wannan kalma ta wasa ita ta tsaya min a rai, dan ni na ga abin da zane ya yi wa yara da idona.

Da muka iso Gadarif a cikin wata makaranta aka sauke mu, aji ɗaya gida uku gida huɗu, an raba da zannuwa da buhuna. Yara ba karatu ba komai, da rana faɗa da dare firgita, sai na fara tara su ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar makarantar bayan la'asar, ba ni da takarda ba ni da kala, gawayi nake roƙa wurin matan da ke dafa jabana, wato gahawa, kwalayen kayan agaji kuma mu yayyaga su kowa ya samu ɓari ɗaya. Akwai wani yaro ɗan shekara takwas, uwarsa ta ce min tun a hanya ya daina magana sai dai ya gyaɗa kai. Ranar farko mota ya zana mai bindiga a bayanta, washegari ita ya sake, kwana kusan goma ba ya zana komai sai motar nan, yana danne gawayin da ƙarfi har kwalin ya huje. Ban hana shi ba. Wata rana dai na tsuguna kusa da shi na ce ɗana zana min ƙofar gidanku in gani, ya yi shiru can ya fara, ya yi ƙofa, ya yi randa a gindin bishiya, ya yi wata dabba da igiya a wuya, sannan ya ɗago ya ce min malama akuyarmu ce, a ɗaure muka bar ta. Maganar farko da na taɓa ji daga bakinsa kenan. Ni ba likita ba ce, ba zan ce zane ne ya warkar da shi ba, Allah ne mai warkarwa, amma ta hanyar gawayin nan maganar ta fito, kuma uwarsa tana nan da ranta za ta shaida.

Tun kafin yaƙi ma darasin nan maraya ne. A jadawali za ka ga an rubuta hissar funun, wato darasin zane da aikin hannu, sau ɗaya a mako, amma da jarrabawa ta matso sai malamin lissafi ya shigo ya karɓe, wani shugaban makaranta da na yi aiki a ƙarƙashinsa ce min ya yi babu kuɗin sayen kala saboda haka in bar yara su yi bitar wani abu. In ma an yi darasin ya ake yi, malami ya zana mangwaro a allo ya ce ku kwafa, ya fita ya dawo ya ba wannan 7 ya ba wancan 4, yaron da ya samu 4 shi kenan ya yanke wa kansa hukunci bai iya zane ba har tsufansa. Ban ga laifin malaman sosai ba, su ma haka aka yi musu.

Ni abin da nake yi, kuma shi nake so ku kai wa sauran malamai, daga allo nake farawa. Duk ɗan Bahaushe ya san zayyana, adon da ake yi wa allo in yaro ya kai wani matsayi a karatu ko ya yi sauka, a nan Sudan sharafa ake ce mata a halwa, wato makarantar allo. Sai in aro allo mai zayyana wurin wani malamin allo in kawo aji in ce su duba da kyau, ina layi ya fara, ina ya karya kwana, sau nawa aka maimaita wannan gida, me ya sa ja ya zauna kusa da ruwan ɗorawa bai zauna kusa da kore ba. Bayan nan mu haɗa tawada da hannunmu, baƙin gindin tukunya da ƙaro a jiƙa a dama, ƙaron da ƙasar nan ta fi kowace ƙasa a duniya fitarwa, a kasuwar Gadarif ma ga shi nan jibge. Ja mu samu daga karkade, wato zoɓo, ko jar ƙasa, ruwan ɗorawa daga kurkum, shuɗi daga bular wanki, alƙalami kuwa karan dawa ne a fere. Ko sisi ba mu kashe a kanti ba, kuma yaron da ya dama kalarsa da kansa ba ya zubar da ita a banza, ka ga yana lallaɓa ta kaman zuma.

In hannunsu ya ɓaci da tawada lokacin nake ba su tarihi, dan a lokacin ne kunnensu ke buɗe. Ina ba su labarin Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, mahaifinsa malami ne mai koyar da Alƙur'ani, ya je Landan ya yi karatun zane a makarantar Slade, ya dawo da irin zanen Turawa ya baje a Khartoum sai ya ga mutanensa abin bai dame su ba, shi ne ya koma wa harafin Larabci da allo da adon ƙwarya da ya taso yana gani, daga nan ne aikinsa ya zama nasa, har a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin ayyukan rayuwarsa gaba ɗaya. Amma inda yaran suka fi so shi ne zamansa a kurkukun Kobar a 1975, yana zane a ɓoye a kan 'yan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a yashi kada masu gadi su gani. Wata yarinya ta ɗaga kwalinta ta ce ashe shi ma irin namu ya yi amfani da shi. 'Yan matan kuma ina gaya musu akwai Kamala Ibrahim Ishaq, ita ma 'yar Omdurman, an haife ta a 1939, ta koyar shekaru a kwalejin zane ta Khartoum, dan kada su ɗauka sana'ar maza ce kaɗai.

Ranar laka ita ce ranar da ba mai fashi. Baƙar ƙasar Gadarif tsagewa take in ta bushe, sai mun haɗa da yashi da ƙaiƙayi, mu murza igiya igiya mu ɗora mu shafe da ɗan yatsa. Ina nuna musu hoton kofunan tsohon birnin Karma a waya, jikinsu ja bakinsu baƙi suna ƙyalli, sirara kaman ɓawon ƙwai, da hannu aka gina su ba da na'ura ba fiye da shekara 3500 da suka wuce a arewacin ƙasar nan, in ce toh ku gwada ku yi siriri irin wannan, kowa ya gwada nasa ya rushe, daga nan ba sai na yi dogon bayani a kan gwanintar mutanen da ba, sun ji ta a hannunsu. Haka dalar Bajrawiya ta Marawi, muna gina ta da laka mai tsini da ɗan ɗakinta a gaba, da yawansu ranar suka fara jin cewa dalar da ke Sudan ta fi ta Masar yawa.

Nan ne zuciyata ke ƙuna malam edita. Ni na shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Khartoum ina ɗaliba, wanda aka buɗe a 1971, na tsaya gaban zanen bangon Faras da masana daga Poland suka ɓamɓaro tsakanin 1961 da 1964 kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye garin, aka raba wasu Warsaw wasu Khartoum. A yaƙin nan an wawushe gidan, kowa ya ji. Yaran da ke gabana ba su taɓa zuwa ba, kuma ko an gyara ginin abin da aka sace wa ya san ranar dawowarsa. In ba a aji aka nuna musu aka sa suka gina da hannunsu ba, a ina za su san akwai su.

Na san maganar addini tana ran iyaye, ni ma uwa ce kuma musulma. Rigimar littafin tarihi na aji shida har yanzu ba a manta ba, wanda aka sa hoton zanen Michelangelo na halittar Annabi Adamu, masallatai suka ɗau zafi, firaministan lokacin Hamdok ya dakatar da sabon manhajin, shugaban hukumar manhaja Umar al-Garrai ya ajiye aiki a Janairun 2021. Gaskiya ni ma ba zan ɗora wannan hoto gaban ɗan aji shida ba, amma ɓarnar da ta biyo baya ita ce yanzu da uba ya ji an ce zane sai ya haɗe rai. Wani uba ya zo har gindin darbejiya zai janye 'yarsa, na ce Alhaji zauna ka gani tukuna, ya tarar harafin nun take ja tana zagaye shi da adon allo, ya daɗe yana kallo sannan ya ce shi ma ya yi irinsa ranar saukarsa, ya tafi ya bar ta. Malamai sun yi saɓani a kan surar mai rai, wannan a bar musu, amma bishiya da harafi da adon bango da saƙa ban taɓa jin wanda ya hana ba, kuma ya zo a hadisi Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana.

Mu Hausawan Sudan kuma muna da ƙarin dalili. Kakanninmu sun taso bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kawo su bakin Shuɗin Nilu, sun zo da ɗinkin hula da aikin babbar riga da saƙar faifai da tabarma. Yau ka nuna wa ɗanmu dagi ka ce mene ne sunansa sai ya kalle ka, aska takwas kuwa ya ɗauka ta wanzami ce. Faifan kakata na cikin 'yan kayan da na iya ɗaukowa da muka gudu, shi nake kaiwa aji su ƙirga zagayensa su zana, sannan in nuna musu bangon gidajen Zariya da Kano da rijiyoyin marinar Ƙofar Mata a waya in ce naku ne wannan. Kuma abinci ne fa, mai lalle a Sudan da hannunta take riƙe gida, haka mai rubutu a jikin raksha, wato keke mai ƙafa uku, da shaguna, haka tela, haka magini, duk daga iya riƙe layi suka fara.

Saboda haka roƙona dan Allah ku ware ko minti 15 ne ku yi shiri a kan wannan, ku kawo malamin firamare da malamin allo mai zayyana da mai zane su zauna tare, ku buɗe layi malamai daga Najeriya da Nijar da Gana su faɗa mana yadda suke yi a ajinsu da abin da suke haɗa kala da shi, mu ma mu ƙaru. Ranar Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu za mu gasa tukwanen yaran, wata mai ginin tukwane a unguwar ta ce mu kawo ta sa mana cikin nata, guda 23 ne suka tsira ba su tsage ba. In kun ba ni lambar da zan tura, zan aiko muku hotunansu da na kwalayen, har da mai akuyar nan, uwarsa ta yarda.

Taku mai sauraro,
wata malamar firamare daga Gadarif, Sudan