A fannin katalis, yawan ambato kaɗai ba ya nuna tasirin masani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili mu yi tsokaci kan yadda ake auna tasirin masana kimiyya, musamman masu bincike kan katalis da sinadaran kayan ƙere-ƙere. Katalis shi ne abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Idan ana yabon irin waɗannan masana, galibi lambobi biyu ake kawowa: sau nawa wasu suka ambaci takardunsu, da ma'aunin h da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. Mai h na 40 yana da takardu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Lissafin ba shi da aibu, sai dai ba ya nuna ko katalis ɗin ya taɓa fita daga ɗakin gwaji.

A duba tarihin takin zamani. Fritz Haber ya nuna a 1909 cewa za a iya haɗa naitirojin da haidurojin a samu ammoniya, wadda ake yin takin zamani da ita, amma da osmiyom ya yi, ƙarfen da yake da wuyar samu ƙwarai. Alwin Mittasch na kamfanin BASF a Jamus ne ya yi dubban gwaje-gwaje har ya tsaya kan baƙin ƙarfe da aka ɗan gauraya da alumina da fotash. Alumina na hana ƙwayoyin ƙarfen dunƙulewa cikin zafi, fotash kuma na ƙara masa ƙarfin aiki. Masana'antar ammoniya ta BASF da ke Oppau ta fara aiki a 1913, kuma har yau irin wannan katalis ne ake amfani da shi a yawancin masana'antun ammoniya, a zafin digiri 400 zuwa 500. Haber da Carl Bosch, wanda ya mayar da hanyar ta zama ta masana'anta, sun samu kyautar Nobel, Mittasch bai samu ba.

Abin da masana'anta ke tambaya shi ne: awa nawa zai yi yana aiki? Takarda za ta iya nuna sakamako mai kyau na awa goma, alhali ana bukatar abin ya yi shekaru. Manyan abubuwan da ke kashe katalis sanannu ne. Zafi na sa ƙananan ƙwayoyin ƙarfe su haɗe su zama manya, sai filin da sinadarai ke sauka a kai ya ragu. Baƙin kabon na taruwa ya toshe ƙananan ramukan katalis ɗin, kamar yadda yake faruwa ga ziyolait, katalis mai ramuka da ake amfani da shi a matatun mai, shi ya sa ake ƙone shi da iska a kai a kai. Sai guba: farar wuta na lalata nikel, dalma kuma na kashe falatinom da faladiyom da rodiyom na bututun hayaƙin mota. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka daina zuba dalma a fetur. Haka ma kayan MOF, wato kaya masu ramuka da ake ginawa da ƙarfe da sinadaran kabon, waɗanda suka kawo wa Kitagawa da Robson da Yaghi kyautar Nobel ta 2025: MOF-5, wanda aka ambata ba adadi, laimar iska kawai na rusa shi.

Wani abin da ya fi damunmu shi ne, takardar da ke da kuskure ma tana tara ambato. A 2003 an ba da rahoton yin haɗin Suzuki, wata hanyar haɗa sinadaran kabon da ke bukatar faladiyom a matsayin katalis, ba tare da faladiyom ba. Shekara biyu bayan haka masu aikin da kansu suka gano faladiyom na ɓoye cikin sodiyom kabonet ɗin da suka saya, ƙasa-ƙasa har kashi 50 cikin biliyan, kuma shi ke yin aikin. Sun cancanci yabo da suka fito suka faɗa. A 2019 kuma wata tawaga da ta haɗa masana daga Denmak da Amurka ta sake gwada da'awar samar da ammoniya da lantarki, ta amfani da naitirojin-15, wani nau'in naitirojin mai ɗan nauyi da ake iya bin sawunsa, domin a bambance ammoniyar da aka haɗa da wadda ta shigo daga iska ko kayan aiki. Ƙarafan da suka gwada cikin ruwa ba su ba da komai ba, hanyar litiyom ce kaɗai ta tsira.

Don haka muna roƙon wakilanku, idan sun zauna da masani, su tambaye shi tsawon gwajin da ya yi, da kashi nawa na abin da ya fito shi ne ainihin wanda ake nema. Su tambaya ko ya gudanar da gwajin babu katalis don a ga bambanci, ko wani ɗakin gwaji ya maimaita aikin ya samu irin sakamakonsa, ko kuma an taɓa yin kilogiram guda na kayan maimakon miligiram. Wannan ta ƙarshen takan ba da wuya, domin zafi ba ya fita daga babbar tukunya kamar yadda yake fita daga ƙaramar kwalba.

Mun gode.

Naku,
Wasu malaman ilimin sinadarai