Kada iyaye su raina karatun al'adun al'umma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da iyaye 'yan'uwana. Da zarar yaro ya ce yana son karanta ilimin nazarin al'adun al'umma a jami'a, sai a tambaye shi wace ma'aikata ce za ta ɗauke shi, alhali kuwa masu wannan ilimi suna cin abinci a wuraren da ba mu lura ba.

Abin da ake koya wa ɗalibi shi ne ya zauna cikin mutane, ya saurare su, ya gano dalilin da ya sa suke karɓar abu ko suke ƙinsa, sannan ya rubuta rahoto. Mu tuna shekarar 2003, lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa, har Kano ta dakatar da shi zuwa 2004. Magani yana nan, ma'aikata suna nan, amma yarda ce babu, kuma sai da aka bi ta hannun sarakuna da hakimai da malamai kafin iyaye su fito da 'ya'yansu. Haka aka yi a annobar Ebola ta 2014, inda aka nemi masana al'adu domin a shirya jana'izar da ba ta yaɗa cuta, ba ta kuma wulaƙanta mamaci. Hukumomin lafiya da na noma da ƙungiyoyin agaji duk suna buƙatar mai wannan ƙwarewa, balle gidajen tarihi da kafofin yaɗa labarai.

Abin takaici, Baturiya ce, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, ta yi nazarin noma da bashi da cinikin matan kulle, ta fitar da littafinta a 1972, alhali ɗan garin ba ya buƙatar tafinta.

Gaskiya ne da wuya ka ga tallar aikin gwamnati da sunan wannan fanni, saboda haka dole ɗalibi ya haɗa da iya rubutu da Turanci da sarrafa kwamfuta. Jami'o'in Maiduguri da Ibadan da Nsukka suna koyar da shi. Ina kira ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma su ba shi muhimmanci, su kuma riƙa tura ɗalibai ƙauyuka bincike.

Naka mai karatu,
Wani malamin makaranta, Ƙofar Ƙaura, Katsina.