Roƙon Tallafi: Yaranmu Ba Su Taɓa Ganin Ƙwayar Halitta Ba

Assalamu alaikum iyaye, tsofaffin ɗalibai da sauran masu kishin ilimi.

Kwamitin iyaye da malamai na makarantarmu ne ke miƙo ƙoƙon bararsa a kan ɗakin gwajin kimiyya.

Ku tsayar da kowane ɗalibin ajin bayoloji, zai karanto muku ƙa'idar ƙwayar halitta, wato sel, ba gargada: duk mai rai, tsiro ko dabba, da sel aka gina shi, sel ce mafi ƙanƙantar abin da ke ɗauke da rai, kuma sabuwar sel ba ta samuwa sai wata ta rabu biyu. Sun haddace tsaf. Amma da zarar an ce wa ya taɓa ganinta, sai kowa ya sunkuyar da kai. Zanen alli a kan allo kawai suka sani.

Abin yana ci mana tuwo a ƙwarya, domin shi wannan ilimi da kallo aka samo shi. A 1665 Robert Hooke na Ingila ya yanki siririn ɓawon itace ya sa a maikiroskop, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ya ga 'yan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma, shi ne ma ya raɗa musu suna. Sai a 1838 Matthias Schleiden ya ce haka jikin tsirrai yake, shekara ɗaya bayan nan Theodor Schwann ya ce dabbobi ma haka ne, sannan Rudolf Virchow ya kawo ƙa'ida ta uku, ta rabuwar sel, a 1855. Shekara 190 ke nan ana leƙen gilashi, mu kuma muna so yaro ya haɗiye shi daga allo cikin darasi guda!

Gani ya kori ji. Siririyar fatar albasa da ɗigon aidin sun isa yaro ya ga bangon sel da cibiyarta da idonsa. Na'urar ce matsalar: wadda muke da ita gilashinta ya dushe, malamin ma da ƙyar yake gane komai a ciki.

Muna neman maikiroskop, sabo ko wanda aka yi amfani da shi, da ƙananan gilasan ɗora samfur da murafensu, da ruwan rini. Mai kuɗi ya ba da abin da ya sawwaƙa, mai kaya ya kawo kaya. A miƙa wa ma'ajin kwamiti a ofishin makaranta, a karɓi rasit. Za mu karanta lissafin duk abin da ya shigo a taron iyaye mai zuwa, in sha Allahu.

Allah ya saka da alheri.

Kwamitin Iyaye da Malamai